Akori-kurar da ba ta riƙe silo: a binciko ciwon kafin a sayi kaya

Motar ɗaukar kaya a cikin birnin Kano ta fi daɗewa a tsaye fiye da a tafe. Wanda ya taɓa shigo da lodi ta Ƙofar Wambai, ko ya kutsa hanyar Kasuwar Kurmi da hantsi, ya san haka: ga 'yan adaidaita sahu, ga masu baro, ga 'yan talla, taku ɗaya sai burki. A nan wani ciwo yake fitowa fili. Akori-kura za ta zo daga Dawanau a guje lafiya lau, amma direba na ɗaga ƙafa daga totur sai inji ya hau karkarwa, ya mutu. A murɗa makulli ta tashi, a sake tsayawa ta sake mutuwa. Makanikai su ce ba ta riƙe silo.

Direbobi da yawa sun mayar da abin ba komai ba, har sun ƙware wajen taka burki da totur lokaci guda. Wannan ganganci ne. A yawancin motocin fetur, zuƙar iskar da inji ke yi ita ce ke ƙara wa burki ƙarfi. Inji na mutuwa, taku ɗaya ko biyu ya rage, daga nan burki ya yi tauri, sitiyari mai fawa ma ya sandare. To, a ƙaddara mota ɗauke da siminti da rodi, a lungun da yara ke fitowa daga makarantar allo.

A silo, injin da ya yi zafi yana juyawa ne tsakanin sau 600 zuwa 900 a minti, kuma da ɗan mai da 'yar iska kaɗan yake rayuwa. Ƙofar totur a rufe take, iskar ta wata siririyar hanya take bi. A kan gudu, inji yana shanye ƙananan matsaloli ba a ankara ba. A silo kuwa abu kaɗan ya isa ya kashe shi. Shi ya sa sau tari laifin ba na babban abu mai tsada ba ne.

A fara da ƙura, domin ita ce tamu. Hunturu ɗaya ya isa ya cika matatar iska taf. Yaran gareji kan kakkaɓe ta, su hura mata iskar mai faci har ta yage, wani ma ya cire ta ya jefar wai don mota ta sha iska. Ƙurar da ta wuce sai ta haɗu da tururin baƙin mai ta zama baƙin danƙo a maƙogwaron totur. Idan aka kwance babban tiyon iska aka leƙa da tocila, za a ga danƙon ya zagaye gefen ƙofar, daidai inda iskar silo ya kamata ta wuce. Gwangwanin man wanke kafireta da tsumma mai tsabta sukan raba gardama, tare da wanke ɗan bawul ɗin silo idan motar tana da shi. Tsofaffin Fijo 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975, su kafireta gare su, kuma jet ɗin silonsu bai fi kafar allura ba. Tsakuwar yashi ɗaya ta toshe shi. A wanke, a hura, amma kada a yarda a zura masa waya, don faɗaɗa ramin ake yi, mota ta koma shan mai har abada.

Wani lokacin kuma iskar ce ta yi yawa. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da ƙananan tiyon roba su tsattsage, inji ya riƙa zuƙar iskar da ba a lissafa da ita ba. A tayar da mota a wurin da ba hayaniya, a buɗe bonet a kasa kunne: za a ji wani siririn huci. Akwai kuma gwajin da direba zai yi yana zaune. A bar inji a silo, a danne burki a riƙe. Idan inji ya canja murya ko ya nemi mutuwa, kuma ana jin hucin ta wajen ƙafa, to tukunyar iskar burki ce ta huje. Wannan motar ba ta ɗaukar lodi sai an gyara.

Sai mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai akori-kura ya koma sayen lita biyar, lita uku, galibi a galan wajen 'yan bumburutu, tanki kullum a ƙasa. Famfon man motocin zamani a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, don haka yawo da tanki fayau yana rage masa kwana. Gurɓataccen mai kuwa ba a galan kaɗai yake zuwa ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Beljiyam, motoci da dama suka lalace. Wanda yake zargin mansa ya zuba kaɗan a farar kwalba ya ajiye ta ɗan jima. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa. Amma kada a yi saurin ɗora wa famfo laifi. Famfon da ya gaji a hawa ya fi nuna kansa. Motar da ta haye gadar Ƙofar Nasarawa da cikakken lodi ba ta shaƙe ba, da wuya a ce famfonta ne ke kashe ta a tsaye.

Abin da ya fi komai taimakon makanike shi ne direba ya lura da lokacin da take mutuwa. Da sassafe ne kawai kafin ta yi zafi? A duba na'urar auna zafin ruwa da bawul ɗin silo. Sai ta yi zafi take mutuwa farat ɗaya ba karkarwa, ta ƙi tashi sai ta huce? Wannan ya fi kama da na'urar da ke ƙidaya juyin inji, ko kwayil. In kuwa sai an kunna fitila ko na'urar sanyaya mota, a je wajen mai wayarin ya auna caji: inji na aiki, batir ya kamata ya nuna bolt 13.5 zuwa 14.5. A duba kan batir ɗin ma, wanda wasu ke dasa wa ƙusa don ya kama. Masu Hilux mai dizal su nasu daban ne, babu fulogi. Su fara da ruwan da ke taruwa a gindin matatar mai, da iskar da ke shiga layin mai ta tiyon da ya saki.

Inda nake da ja da wasu garejin shi ne maganin minti biyu. Direba ya ce, "Oga, lodi na jira na." Makanike ya ce, "Kawo in ɗaga maka silo, Malam," ya ja wayar totur ya ɗaure. Mota ta daina mutuwa, gaskiya ne, amma ciwon yana nan, inji na ta ƙugi a cunkoso yana cinye man da aka saya da ƙyar, giya na gurnani wajen shiga. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Na biyunsa shi ne canja kaya da ka: yau fulogi, gobe nozul, jibi a ce kwamfutar mota ce, a tura mutum Ƙofar Ruwa ya sayo. Kwamfutar nan ba kasafai take lalacewa ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau, da mafi yawan na bayan nan, suna da kafar da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma kuɗin jonawar bai kama ƙafar kuɗin kaya ɗaya da aka saya a banza ba. Sai dai na'urar unguwa take nunawa, ba gida ba. In ta ambaci wata na'ura, a fara duba wayarta da soket ɗinta. Duk abin da aka canja kuma, mai mota ya karɓi tsohon ya ajiye.

Wajen neman inda iska ke shiga, wasu kan yayyafa fetur a kan inji mai zafi su saurari canjin murya. Tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya tayar da gobara, ga shaguna a manne da juna. Haka nan kada a bar inji yana aiki a cikin rufaffen shago ko soro ana sauraronsa, domin gubar da ke cikin hayaƙin salansa ba ta da wari, kuma tana kwantar da mutum kafin ya farga. A fito da motar fili, a ja burkin hannu, a sa wa taya waigi, sannan a buɗe bonet.