Ƙa'idojin Shigar da Likitan Nesa Cikin Inshorar Lafiya ta Hukuma: Nazari Daga Unguwar Kpakungu, Minna

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, hanyoyin saduwa tsakanin majiyyaci da likita suka fara sauyawa. A yau mai fama da hawan jini a Minna yana iya magana da ƙwararren likita da ke Kano ko Zariya, ya karanta masa sakamakon awon da aka yi masa, ya kuma sami shawara ba tare da ya hau mota ba. Tambayar da ke biyo baya ita ce, wa zai biya kuɗin wannan aiki idan majiyyacin yana cikin shirin inshorar lafiya na hukuma? Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ƙa'idojin da ke tattare da shigar da irin wannan likita cikin shirin, tare da ɗaukar unguwar Kpakungu ta garin Minna a matsayin misali. Abin da za a nuna shi ne, a Nijeriya iyakar jiha ba ta tare likita, amma tana tare kuɗin da za a biya shi, domin an gina dokokin inshora a kan ginin asibiti tun kafin a yi tunanin likitan da ke cikin waya.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar inshora ararriya ce daga Ingilishi, kuma ta daɗe da zama a bakin Hausawa ta hanyar takardun mota. A fagen lafiya kuwa, kafofin watsa labarai na Hausa sukan yi amfani da taimakekeniya ko adashin gata, domin waɗannan kalmomi sun fi kusantar da manufar ga Bahaushe: jama'a su riƙa zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Shi kuma likitanci daga nesa, a wannan maƙala, yana nufin duba majiyyaci ko ba shi shawara ta waya ko ta intanet, alhali shi da likitan ba su a wuri ɗaya. Likitan nesa shi ne mai yin wannan aiki, musamman wanda ke zaune a wata jiha dabam da ta majiyyacin.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, da doka mai lamba 35 ta shekarar 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda shi kansa ɗan Minna ne. Shirin bai fara aiki ba sai a shekarar 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A shekarar 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta kuma tanadi a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Wannan asusu ya ƙarfafa wa jihohi gwiwar kafa nasu hukumomin taimakekeniya, domin ta hannunsu kason inshora na asusun yake isa ga talakawa. Jihar Neja ma ta kafa tata, wadda aka fi sani da NiCare. A watan Mayu na shekarar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar doka da ta soke ta 1999, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin ƙasa.

Shi ma likitanci daga nesa yana da nasa tarihin. A shekarar 2007 aka harba tauraron sadarwa na NigComSat-1, aka kuma yi gwajin haɗa wasu asibitocin Tarayya da shi, ciki har da asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri. Tauraron ya lalace a watan Nuwamba na 2008. Sai a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana zirga-zirga, ganin likita ta waya ya bazu a tsakanin jama'a. Abin lura a nan shi ne, waɗannan tarihohi biyu sun taso ne kowane a gefensa.

4.0 Sharuɗɗan Shiga Shirin

Kafin hukumar inshora ta biya wani mai ba da magani, akwai matakai uku da zai wuce, kuma kowane mataki yana hannun hukuma dabam.

4.1 Lasisin Likita

Tsarin Mulki na 1999 ya sanya tsara manyan sana'o'i na ƙwararru cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, ita ke yi wa likita rajista, ita ke ba shi lasisin aiki da yake sabuntawa kowace shekara. Wannan lasisi yana aiki a jihohi 36 da Abuja. Likitan da ke Sakkwato bai buƙatar wani sabon lasisi daga Jihar Neja kafin ya ba mutumin Kpakungu shawara. Kundin ladubban aikin likita na majalisar ya ambaci likitanci daga nesa, ya kuma ja hankalin likitoci a kan sirrin majiyyaci da adana bayanansa, abin da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ƙarfafawa.

4.2 Rajistar Wurin Aiki

Lasisi na mutum ne, amma asibiti ko ɗakin shan magani mai zaman kansa yana buƙatar rajista daga jihar da yake cikinta. A Legas hukumar HEFAMAA ke wannan aiki, a Kano kuma hukumar PHIMA. Masu duba wuri sukan je su ga ɗakuna da kayan aiki da ma'aikata da tsabta kafin a ba da takarda. A nan matsala ta farko take, domin jami'an Jihar Neja ba su da hurumin duba gini da ke Kano, ita kuma takardar da Kano ta bayar ta shafi aikin da ake yi a Kano ne.

4.3 Amincewar Hukumar Inshora

Mataki na uku shi ne tantancewa da ƙulla yarjejeniya. Hukumar inshora tana duba takardun matakan biyu na farko, ta ƙayyade matakin aikin da wurin zai iya, na farko ne ko na biyu ko na uku, sannan a sanya shi cikin jerin asibitocin shirin. Asibitin da ba ya cikin jerin ba ya karɓar ko kwabo daga asusun, komai ƙwarewar likitocinsa. Hukumomin jihohi kuwa galibi da asibitocin da ke cikin jiharsu suke ƙulla yarjejeniya, tunda su ne waɗanda za su iya sa wa ido.

5.0 Yadda Abin Ya Shafi Kpakungu

Kpakungu unguwa ce mai cunkoson jama'a a bakin hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Bida, cikin Ƙaramar Hukumar Chanchaga. Gwarawa da Nufawa da Hausawa da sauran ƙabilu suna zaune a cikinta, kuma Hausa ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa da tasha. Akwai Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB a cikin gari, da kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida, fiye da kilomita 80 daga Minna. Duk da haka, akwai dalilan da kan sa mazaunin unguwar ya nemi likitan nesa: ƙarancin ƙwararru a wasu fannoni, da tsawon layi, da son ganin likitan da zai ji ciwo da Hausa ba tare da tafinta ba, da kuma buƙatar wasu mata ta ganin likita mace.

Masu inshora a irin wannan unguwa sun kasu kashi uku. Akwai ma'aikacin Tarayya, kamar na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wanda shirin ƙasa ya ɗauke shi tare da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ta hannun kamfanonin tsakani da ake kira HMO. Akwai wanda ke ƙarƙashin shirin jiha. Akwai kuma mai ƙaramin ƙarfi da aka yi wa rajista a cibiyar lafiya ta matakin farko bisa asusun dokar 2014. Dukkansu sun yi tarayya a abu guda: kowane yana da asibitin farko da sunansa ke rubuce a can.

Wannan asibiti na farko shi ake biya wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum ɗaya da ke cikin rajistarsa, ko ya zo ko bai zo ba. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin, sai ya rubuta takardar turawa, a nemi lambar izini, sannan a biya asibiti na biyu gwargwadon aikin da ya yi. Misali, a ɗauka wata mata a Kpakungu mai ciwon sukari ta kira likita a Zariya da kanta, ya duba sakamakonta ya rubuta mata magani. Aikinsa halattacce ne a idon doka, amma ba ya cikin wannan silsila: kuɗin matakin farko an riga an ba asibitinta na Minna, kuɗin mataki na biyu kuma ba ya fita sai da takardar turawa da lambar izini. Saboda haka daga aljihunta za ta biya likitan, kuma mai yiwuwa ta sayi maganin da kuɗinta, domin takardar ba daga asibitin shirin ta fito ba. Ma'aikacin Tarayya yana da ɗan sauƙi, tunda jerin asibitocin NHIA ya game ƙasa baki ɗaya, amma shi ma sai an bi ta kan turawa.

Hanyar da ta fi dacewa da tsarin kamar yadda yake ita ce likitan nesa ya shigo ta ƙofar asibitin da aka riga aka amince da shi. Wato majiyyaci ya je cibiyarsa, ma'aikacin jinya ya auna shi, a haɗa shi da ƙwararren ta waya, asibitin ya rubuta abin da aka yi a fayil, shi ne kuma zai sallami likitan bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu.

6.0 Kwatanci da Amurka

Kwatanta wannan hali da na Amurka zai ƙara fito da shi fili. A can kowace jiha ce ke ba likita lasisi, kuma ana ɗaukar cewa an yi aikin ne a inda majiyyaci yake zaune. Shirin Medicaid na marasa ƙarfi, wanda aka kafa a shekarar 1965, gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, amma kowace jiha ke gudanar da nata. Likitan da ke wata jiha sai ya sami izinin aiki a jihar majiyyaci, sannan ya yi rajista da shirin Medicaid na wannan jiha kafin a biya shi. Don rage wannan wahala, jihohi da dama sun shiga wata yarjejeniya ta sauƙaƙa samun lasisi wadda ta fara aiki a 2017, jihar Florida kuma ta yi doka a 2019 da ta buɗe rajista ta musamman ga likitocin nesa na wasu jihohi. Ke nan Amurka tana da shinge biyu, na lasisi da na kuɗi, Nijeriya kuwa na kuɗi kaɗai ya rage mata.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa lasisin likita a Nijeriya na ƙasa ne, rajistar wurin aiki ta jiha ce, biyan kuɗi kuma ya rataya ne a kan asibitin da majiyyaci ya yi rajista da shi. Gyaran da ake buƙata yana hannun hukumomin inshora: su amince da tantancewar da takwarorinsu na wasu jihohi ko NHIA suka yi, su sanya wa shawara ta waya farashi a jadawalinsu, su kuma fayyace wanda zai ɗauki alhaki idan an sami kuskure, likitan nesa ne ko asibitin da ya haɗa shi da majiyyaci. Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, kuma take da ƙananan hukumomi 25, tana cikin waɗanda za su fi amfana da wannan gyara. Kafin a kai ga haka, abin da ya kamata mai inshora a Kpakungu ya sani shi ne, ya fara tuntuɓar asibitinsa na farko kafin ya kira likitan nesa, domin ta nan kaɗai asusun da yake zuba wa kuɗi zai iya ɗauke masa nauyi.