Mai Tsara Gari

Yawancin mutane ba sa sanin mai tsara birane sai ranar da suka wayi gari da jan fenti a jikin katanga. Daga nan sunansa ɗan rusau. Alhali rusau can ƙarshen aikinsa yake, kuma sau da yawa shaida ce ta cewa ba a saurare shi ba tun kafin a kafa tubalin farko.

Wanda ya shiga wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Bayero ta Kano, shekara biyar ke gabansa. Wani sashe na karatun a ɗakin zane ake yinsa, da taswira da kwamfuta. Sauran kuwa a cikin rana. Ana tura ɗalibai unguwanni su ƙirga gidaje, su auna faɗin lungu, su tsaya a shataletale suna lissafa motoci da adaidaita sahu, su bi lambatu har inda ya toshe. Sai doka: ta mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, da ta tsara birane ta 1992. Bayan digiri akwai rajista da TOPREC, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista.

A ganina, darasin doka da manufofin gwamnati shi ne ƙashin bayan sana'ar, domin zane ba ya kare kansa. Wani mai tsara birane, Trevallion, ya tsara wa Kano shirin shekara ashirin daga 1963, takwaransa Max Lock ya yi wa Kaduna nata a 1967. Jama'a ta ƙaru, garuruwan suka tsallake takarda. Mai gona ya kira dillali, aka yanka fulotai da awon igiya, ba a bar wa makaranta ko asibiti ko taku ɗaya ba. Kududdufan cikin birni, waɗanda kakanni suka haƙa don ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan damina; aka cike da yawansu, aka dasa shaguna. Watan Agusta na zuwa, ruwan da ya rasa masauki sai ya shiga ɗakin talaka.

A irin wannan unguwa ake gane gwani. Zai zauna da mai unguwa da liman da magidanta, ya shimfiɗa taswira a kan tabarma, ya yi ta lallashi har kowa ya yarda ya ja katangarsa baya kaɗan, yadda motar kashe gobara za ta iya shiga layin.