Na'urar Auna Iskar Taya da Yadda Kotu Ke Fassara Kalmomin Haƙƙin Ƙirƙira

Direbobi da masu faci a Kuje sun saba ganin wata 'yar fitila tana kunnuwa a gaban direba idan iskar taya ta ragu. Wata ƙaramar na'ura ce a cikin tayar take auna iskar, ta aika saƙo ta rediyo. Tun shekara ta 2007 doka ta wajabta sanya ta a sababbin ƙananan motoci a Amurka, shi ya sa ake ganinta a motocin da ake shigowa da su daga can.

Wanda ya ƙago irin wannan na'ura yakan nemi takardar haƙƙin ƙirƙira daga gwamnati. A ƙarshen takardar yakan zayyana da'awarsa, watau iyakar abin da yake cewa nasa ne, kamar yadda ake shata iyakar gona. A kan waɗannan kalmomi ake yin shari'a.

A shekara ta 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washinton ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Wasica, mai riƙe da takarda, da kamfanonin Continental da Schrader. Gardama ɗaya a kan kalmar “jeri” ce. Na'urar tana aika saƙonta ne da ƙwayoyi, kowace ƙwaya sifiri ce ko ɗaya. Hukumar da ta fara sauraron maganar ta ce jeri sai da ƙwaya biyu ko fiye, kuma lalle haka hankali yake fara ɗauka. Amma alƙalai suka duba da'awar gaba ɗayanta, suka ga ta yarda saƙon ya zama ƙwaya huɗu kacal, alhali ta kasa shi jeri huɗu. Ashe ke nan ƙwaya ɗaya tak tana iya zama jeri. Da ma'anar ta faɗaɗa haka, sai ta haɗa da abin da wani ya riga ya ƙago, kariyar wannan sashe kuwa ta faɗi.

Ya kamata jama'a su sani dokar Nijeriya ta shekara ta 1970 a kan haƙƙin ƙirƙira ita ma ta ce kalmomin da'awa su ke iyakance kariya, bayani da zane kuwa taimakon fassara su ke yi. Kariyar shekara 20 ce daga ranar shigar da takarda. Sa'an nan magatakarda a Abuja ba ya binciken ko abin sabo ne kafin ya ba da takarda. Sai rigima ta taso Babbar Kotun Tarayya za ta auna kalmomin, wanda bai gamsu ba ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara. Saboda haka maƙeri ko injiniyan da zai shigar da takarda ya sami lauyan da ya san wannan fanni, su bi da'awar kalma bayan kalma kafin ya sa hannu.