MAJANYI: BUDURWAR DA TA KOMA KIƊAN DA YA GIRME TA

A wannan fitowar na ajiye zancen soyayya da girke-girke a gefe, zan kai ku ƙasar Amurka mu ga wata yarinya mawaƙiya da wani faifai da ta yi, wanda ni dai ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Kada wata ta ce, "To Anti, mu ina ruwanmu da waƙar Turawa?" Ki yi haƙuri ki karanta tukuna, domin kuwa abin da ke cikin faifan nan zancen 'ya mace ne da mahaifiyarta, da kuma irin kallon da maza ke yi mata idan ta buɗe baki za ta yi magana.

Sunanta na yanka Claire Cottrill, amma duniya ta fi saninta da Clairo. An haife ta a birnin Atlanta a shekarar 1998, ta tashi a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Masacusets. A 2017, ba ta ma cika shekara ashirin ba, ta zauna a ɗakin kwananta gaban kwamfuta, ba kwalliya ba komai, ta ɗauki kanta tana bin wata waƙa da ta tsara mai suna "Pretty Girl", ta ɗora a YouTube. Kafin ka ce kwabo miliyoyin mutane sun kalla. Daga nan sai kamfanonin waƙa suka yi mata caa. Amma kun san mutum da baki, nan da nan aka fara tsegumi wai ba ƙoƙarinta ba ne, wai mahaifinta ne da yake babban jami'in talla ya share mata hanya. Yarinya ƙarama, ga ciwon gaɓoɓi da likitoci suka gano tana da shi tun tana shekara 17, ga yawon wasa gari-gari, ga bakin duniya. A haka dai ta fitar da faifanta na farko, Immunity, a 2019.

Sai annobar korona ta zo a 2020 ta rufe kowa a gida. Clairo ta koma wurin iyayenta, ta samu abin da ta daɗe ba ta samu ba, wato zama da mahaifiyarta a yi hira ba gaggawa. A wannan zaman ne tunani ya fara damunta: wai wannan baiwar Allah da nake kira Mama, wacece ita kafin ta zama Mama? Me take so a lokacin da take kamar ni? Me ta ajiye saboda mu? A ƙarshe ni kuma, idan na zama uwa, wane ɓangare nawa ne zai ɓace?

Sannan ta ɗauko wata 'yar kwikwiya tana reno. Na san wasu za su yamutsa fuska, to amma su can kare ɗan gida ne, har suna ake raɗa masa. Ta sa mata Joanie, don girmama tsohuwar mawaƙiya Joni Mitchell. Ita da bakinta ta bayyana cewa kula da wannan 'yar dabba, a ba ta abinci a kan lokaci, a tashi dominta ko ana jin barci, shi ya tilasta mata fuskantar tunanin zama uwa, ya kuma nuna mata cewa zaman gida da natsuwa ne abin da ta rasa a rayuwarta.

Daga nan faifan Sling ya samo asali. Ya fito ranar 16 ga Yuli, 2021, tana da shekara 22, waƙoƙi 12 ne a ciki. Kalmar kuwa a Turanci tana nufin ƙyallen da ake rataya jariri da shi a jiki, kusan majanyi ke nan a wurinmu, haka kuma da ita ake kiran ƙyallen da ake saƙale karyayyen hannu a wuya. Ku duba fa, kalma ɗaya ta haɗa goyo da jinya. Wallahi sunan kaɗai ya burge ni.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne kiɗan. Sa'o'inta duk suna can suna haɗa kiɗa da kwamfuta, mai bugun ƙirji, a yi rawa a yi tsalle. Ita kuwa sai ta juya baya ta nufi shekarun 1970, zamanin faifan garmaho, lokacin da ko mafarkin haihuwarta ba a yi ba. Ta haɗu da Jack Antonoff, wanda ya yi aiki da su Taylor Swift da Lana Del Rey, suka hau wani dutse a jihar Niyok inda akwai gidan ɗaukar waƙa mai suna Allaire, nesa da hayaniyar birni, suka tare a can suna aiki.

Irin wannan kiɗa Turawa na ce masa rok mai laushi. Bari in ɗan kwatanta muku yadda yake. Ganga ba a dukanta da ƙarfi, a wancan zamani har ƙyalle makaɗa kan shimfiɗa a kan fatar don sautin ya fito a dunƙule, ba amo. Jita ta katako ce, ana taɓa ta da yatsu a hankali. Akwai fiyano, akwai kuma wani ɗan uwansa mai aiki da lantarki da ake kira Wurlitzer, wanda in an danna sai ƙaramar guduma ta bugi siririn ƙarfe a ciki, sautin ya fito da ɗumi yana ɗan rawa. Sai sarewa ta ratso, sai goge irin nasu ya biyo baya. Muryar kuma ba a ɗaga ta. Mawaƙiya za ta rera sau ɗaya a ɗauka, ta sake rerawa a wani mataki a ɗora a kan ta farko, a sake, a sake, har ki ji kamar mata biyar ne ke amshi alhali mutum ɗaya ce. Wannan dabara su Carpenters, wa da ƙanwa, Richard da Karen, sun shahara da ita ƙwarai.

To amma ni abin da na lura da shi, ba kiɗan matan nan na da kaɗai Clairo ta bi ba, labarinsu ma ya yi daidai da abin da ke cin ranta. Ku ɗauki Carole King. Ta yi aure tana shekara 17, ta haihu tana 18, da goyo a hannu take rubuta wa wasu waƙa suna yin suna. Waƙar da ta tsara tare da mijinta Gerry Goffin wa ƙungiyar 'yan mata ta Shirelles ta zama ta ɗaya a Amurka a farkon 1961, amma masu saye muryar wasu suke ji. Sai da aka shekara goma, auren ma ya mutu, sannan a 1971 ta fitar da Tapestry da muryarta, ya yi mako 15 yana kan gaba a kasuwar Amurka, ta kwashe kyautar Grammy huɗu a 1972.

Ita kuwa Joni Mitchell, 'yar ƙasar Kanada, nata labarin ya fi ban tausayi. A 1965, tana shekara 21, ba aure, ba kuɗi, ba mai tallafa mata, ta haifi 'ya mace a birnin Toronto. Da ta ga ba yadda za ta yi, sai ta bayar da jaririyar wasu suka riƙa. Ta ɓoye wannan ciwo a cikin wata waƙa, "Little Green", a faifanta Blue na 1971, mutane suna ta saurare suna jin daɗi, mafi yawansu ba su san abin da take nufi ba. Ba su sake haɗuwa da 'yar ba sai a 1997, bayan shekara 32. Kai, duniya! Ita ma Karen Carpenter mai muryar zinariya, wadda asalinta makaɗiyar ganga ce, damuwa da ƙiba ta jefa ta cikin cutar ƙin cin abinci, zuciyarta ta tsaya a 1983 tana da shekara 32 kacal. Ƙannena masu ƙaurace wa abinci don a ce kun yi siriri, kun dai ji.

Waƙar da ta fi tsaya mini a rai a Sling ita ce "Blouse", wato rigar mata. Jita ce kawai da goge da murya ƙasa-ƙasa, sai Lorde, mawaƙiyar nan ta ƙasar Niyu Zilan, tana yi mata amshi. Abin da waƙar ke bayani shi ne: yarinya ta shirya tsaf, ta zo wurin aiki da maganarta mai muhimmanci, ta zauna gaban babban mutum tana bayani, sai ta lura ashe shi ba ya ma jin abin da take faɗa, idonsa na kan wuyan rigarta. Ba ta yi ihu a waƙar ba, ba ta yi zagi ba. Gajiya ce kawai za ki ji a muryar, irin ta wadda abin ya saba faruwa da ita. Wace ce a cikinmu za ta ce ba ta gane wannan ba? Wadda ta je neman gurbin karatu, da wadda ta je karɓar sakamakon jarrabawa, da wadda ta je neman aiki, kowacce ta san irin kallon nan, ta kuma san yadda ake haɗiye magana a fito ana jin kamar an yi wanka da ruwan kwata. Sau da yawa ma ba wadda za ki gaya wa, don kada a ce ke kika ja. Wata yarinya a wata duniya can ta mayar da shi waƙa, kuma ta zaɓe ta ta zama ta farko da aka saki daga faifan.

Sai "Reaper", inda take kallon mahaifiyarta tana auna kanta, tana son haihuwa tana kuma tsoronta. "Amoeba" ita ce mai ɗan motsi a cikinsu, har kya iya gyaɗa kai, amma cikinta faɗa take yi wa kanta a kan yadda harkar waƙa ta ɗauke mata hankali har ta bar kiran 'yan gidansu. "Just for Today" kuwa a kan ƙuncin zuciya ne, irin daren da mutum ke rasa inda zai sa ransa har sai ya nemi wanda zai yi magana da shi. Ita kuma 'yar kwikwiyar an ba ta waƙa guda sukutum mai sunanta, kiɗa ne zalla kusan ba kalma. Har a hoton bangon faifan ma ga ƙafarta nan a fuskar uwar ɗakinta.

Ba zan ce muku faifan ba shi da aibu ba. Wani lokaci muryar takan nutse cikin kiɗan har sai kin kasa kunne sosai, ko mai jin Turanci sai ta nemi rubutun waƙar ta duba. Daga tsakiya kuma waƙoƙi biyu ko uku sun yi kama da juna, idan kin kwaso gajiya barci zai sace ki. Wadda ke neman abin rawa a wurin biki ta nemi wani. Wannan na dare ne, bayan an gama wanke-wanke an rufe ƙofa, ki rage sauti don kada ki tashi ƙannenki.

Da yawa sun zaci kwalliya ce ta lokaci ɗaya, za ta dawo kiɗan zamani. Ina! A Yulin 2024 ta sake fitar da wani, Charm, wannan karon tare da Leon Michels, kuma a ƙarƙashin kamfaninta na kanta. Suka tara makaɗa suka ɗauka a kan zaren kaset irin na da, ta ƙara nutsawa cikin salon su Harry Nilsson da Blossom Dearie. Shi ya fi Sling fara'a da walwala, shi ne kuma ya sa aka sanya sunanta cikin masu takarar Grammy a karo na farko, a bikin 2025. Ni dai har gobe na majanyin nan ya fi kwanta mini.

Wadda duk ta samu dama ta saurara, ta rubuto mana ta gaya mana waƙar da ta fi taɓa ta. Wadda kuma ta yi ƙarfin hali ta zauna da Umma ko Inna ta tambaye ta yadda take a zamanin 'yan matancinta, wannan wasiƙar ce na fi ɗokin karantawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Na bar ku lafiya.