Ɗige-ɗigen da ke gindin gwangwani: labarin injiniya Richard Sweet

 Kafin ku ci gaba da karatu, kowa ya ɗauko gwangwanin tumatir ko na madara, ko kwalin magani, in akwai a gida. Ku juya gindinsa. Za ku ga waɗansu lambobi baƙaƙe ƙanana, ba irin sauran rubutun da ke jikin gwangwanin ba. In kun matso da shi kusa da ido, za ku ga ba zane ba ne, ɗige-ɗige ne aka jera, kamar sawun kiyashi a kan rairayi.

A ajinmu na karatun manya, wata dattijuwa ta zo da kwalbar maganin tari da aka sayo wa jikanta wajen mai tebur ranar kasuwa. Tana so a karanta mata yadda ake sha. Na duba, na ga an rubuta EXP 03/2022, ga shi kuwa muna cikin damanar 2024. Na ce mata: "Inna, wannan magani ya wuce lokacinsa da fiye da shekara biyu, kada a ba yaron." Ta riƙe baki, ta ce: "Malam, ina ka ga haka?" Na nuna mata. Ta ƙura ido ta daɗe, sa'an nan ta ce: "To wane ne mai haƙurin zama yana ɗiga wannan a kan kowace kwalba?"

Dariya aka yi a aji, amma tambayar ba ta dariya ba ce. Ba mutum ke ɗigawa ba, na'ura ce. Mutumin da ya fito da dabararta kuwa wani injiniyan lantarki ne na Amurka, sunansa Richard Sweet.

Alƙalamin da ba ya taɓa takarda

Duk rubutun da muka gada, sai abu ya taɓa abu. Almajiri ya tsoma alƙalaminsa na kara cikin kurtun tawada, ya goga a allo. Ɗan lakwal ya danna biro a kan takarda. Injin ɗab'i ma danna baƙaƙe yake yi. Abin da ya bambanta wannan dabara shi ne, babu abin da ke taɓa wurin rubutu sai tawadar ita kaɗai. Daga nesa ake harbo ta.

Ba Sweet ne ya fara lura da halin ruwa ba. Kowa ya san in ya ɗaga buta sama ya tsiyaya ruwa siriri, kusa da bakin butar ruwan a haɗe yake kamar zare, amma can ƙasa sai ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo. A 1878 wani masani na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana dalilin haka da lissafi. A 1951 kuma wani mutumin Suwidin, Rune Elmqvist, ya sami takardar shaidar ƙirƙira a kan wata na'ura mai fesa tawada siririya, tana zana bugun zuciyar mara lafiya a kan takarda. Amma tasa layi kawai take ja, ɗigon bai shiga hannu ba tukuna.

A farkon shekarun 1960, Richard Sweet yana aiki a ɗakin binciken lantarki na jami'ar Stanford, a jihar Kaliforniya. Ba maganar buga wasiƙa ko hoto ke ransa ba. Damuwarsa ita ce, injiniyoyi suna so su ga motsin wutar lantarki a rubuce a kan takarda, amma na'urorin wancan zamani alƙalami gare su a kan hannu na ƙarfe. Wuta tana canzawa da sauri ƙwarai, hannun ƙarfe kuwa yana da nauyi, ba ya iya bin ta. Sai Sweet ya ga cewa in nauyin alƙalami ne matsala, a jefar da alƙalamin, a bar tawada. Ɗigon tawada ba shi da nauyin da zai hana shi juyawa.

Ga yadda abin yake aiki. Ana tura tawada da ƙarfi ta wata ƴar kafa, wadda faɗinta bai wuce kaurin gashin kai ba. Ana sa bakin kafar yana karkarwa da sauri, karkarwa mai tsari, don zaren tawadar ya riƙa tsinkewa daidai wa daida, kowane ɗigo girmansa ɗaya da na ɗan'uwansa, tazararsu ɗaya. A sakan guda ana samun ɗigo dubu 50, har dubu 100 ko fiye. Wannan shi ne mataki na farko.

Na biyu shi ne gwanintar. Kun san wasan da yara ke yi da hunturu: a goga biro na roba a gashin kai, a kai shi kusa da guntayen takarda, sai ka ga suna tsalle suna manne masa. Irin wannan ƙarfi ne Sweet ya yi aiki da shi. Daidai wurin da ɗigo zai tsinke, ya sa wani ɗan ƙarfe mai ɗora wa ɗigon cajin lantarki. Wani ɗigo a ba shi da yawa, wani kaɗan, wani a hana shi. Daga nan duka su ratsa tsakanin faifai biyu na ƙarfe masu ɗauke da wuta mai ƙarfi. Wanda aka ba caji da yawa ya karkace da yawa, wanda aka ba kaɗan ya karkace kaɗan, wanda aka hana ya miƙe. Ta haka kowane ɗigo ke sauka inda ake so. A injunan masana'anta na yau, waɗanda suka miƙe suna faɗawa cikin wani ɗan kwararo, famfo ya mai da su tanki, a sake harbo su. Tawada ba ta tsayawa, ko ana rubutu ko ba a yi.

Sweet ya nemi takardar shaidar ƙirƙira a 1964, ya bayyana aikin a wata mujallar masana a 1965, takardar kuwa ba ta fito ba sai 1971. Shekara bakwai ke nan yana jira. Kafin ta fito, a ƙarshen shekarun 1960, wani kamfani na Chicago mai suna A. B. Dick ya riga ya ƙera na'urar sayarwa a kan dabarar, ya sa mata suna Videojet. Kamfanin IBM ma ya fito da tasa ta buga wasiƙun ofis a 1976. Amma a ofis abin bai yi tasiri ba, don na'urar tana da tsada, tana son kulawa. Inda ta sami gida shi ne masana'anta. Gwangwani yana gudu a kan bel, ga shi a lanƙwashe, wani lokaci ma da ɗumi, ba a iya tsai da shi a buga masa hatimi. Sai na'urar ta harbo masa layin ɗigo a tsaye, ya matsa gaba kaɗan, ta harbo wani, har lamba ta cika. Yawanci ɗigo biyar a kwance, bakwai a tsaye, su ke yin harafi guda. Ku ƙirga a gwangwaninku ku gani. Daga baya wasu kamfanoni suka shiga sana'ar, kamar Domino na Ingila a 1978, da Imaje na Faransa a 1982.

Daga tawada zuwa jini

A ganina, nan ne labarin ya fi ban mamaki. A 1965 wani mai bincike a Los Alamos, Mack Fulwyler, ya ɗauki dabarar Sweet, ya zubar da tawadar, ya sa ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin jini a madadinta. Kowace ƙwaya ta shiga ɗigonta, a auna girmanta tana wucewa, a ba ɗigon caji, manya su faɗa wannan kwalba, ƙanana su faɗa waccan. Kamar mace tana tsince tsakuwa daga wake, sai dai ɗaruruwa a sakan guda.

A Stanford ɗin kuma akwai wani malami, Leonard Herzenberg, wanda ya gaji da ƙirgar ƙwayoyin jiki ɗaya bayan ɗaya a madubin likita. Ya tara injiniyoyi, Sweet da kansa ya shiga cikinsu. Suka ƙera na'urar da ke rina ƙwayoyin da ake nema da rini mai ƙyalli, haske ya gane su, sa'an nan a ware su. Sunan Sweet yana cikin mutum huɗu da suka bayyana ta a 1972, kuma cikin shekarun nan kamfanin Becton Dickinson ya fara sayar da ita. Na'urorin da ake ƙirga sojojin jini na CD4 da su ga masu ciwon sida, daga wannan zuriya suka fito, ko da yake yawancinsu ƙirga kawai suke yi, ba sa warewa. Mutumin da ya tashi neman alƙalami mara nauyi, ga inda hanya ta kai shi.

Wani zai ce, to injin da ke buga hoton katin shaida da takardar gayyatar biki a shagunan Tasawa da Maraɗi fa? Wannan ƙanen na Sweet ne, ba shi ba ne. Shi ba ya zubar da tawada kullum, sai an bukaci ɗigo yake tofo shi. A 1977, a kamfanin Canon na Japan, ƙarfen walda mai zafi ya taɓa allurar sirinji mai tawada a ciki, tawada ta yi tsartuwa. Ichiro Endo da abokan aikinsa suka bi diddigin abin. A 1979 John Vaught na kamfanin Hewlett-Packard a Amurka ya faɗa kan dabara irin wannan, bai san da ta Japan ba. Zafi ne ke tafasa ɗan kumfa cikin tawada, kumfan ya turo ɗigo waje. Hewlett-Packard ya fito da ThinkJet a 1984, Canon ya fito da tasa a 1985. Kamfanin Epson kuma ba zafi yake amfani da shi ba, wani ɗan dutse ne mai motsi in wuta ta taɓa shi.

Yadda ake karanta lambobin

Mu komo kan kwalbar Inna. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu, daga Maijirgi da Korgom har Kanan Bakashe da Sarkin Hausa, iri biyu ne: masu rubutun Faransanci, da masu na Ingilishi waɗanda yawanci daga Najeriya suke ketarowa. A duka biyun abu uku ake bugawa.

Akwai ranar da aka yi abin. A kayan Faransanci za ku ga FAB, a na Ingilishi MFD ko MFG. Akwai ranar ƙarewa, wato EXP ko PER, a kayan ci kuma sau da yawa BB. Ita ce wadda ta fi muhimmanci. Sai lambar rukuni, LOT ko BN, wadda ke nuna kayan da aka yi tare a zubi ɗaya.

In lambobi biyu ne, kamar 03/2022, na farko wata ne, na biyu shekara: watan uku na 2022. Ga magani, wannan yana nufin ƙarshen watan ne iyaka. In uku ne, kamar 15/08/26, rana ce, da wata, da shekara. Kuskuren da na fi gani a aji shi ne a karanta ranar yi a ɗauka ta ƙarewa ce, a jefar da abu mai kyau, ko kuma a yi akasin haka. Saboda haka ku fara duba haruffan kafin lambobin. Kuma watan da ake nufi na Nasara ne, ba na Musulunci ba. Watan tara Satumba ke nan, ba azumi ba. Wannan ma ya taɓa jawo mana gardama mai tsawo.

Ba magani da madara kaɗai ba. Maganin ƙwari da ake fesa wa wake, da allurar dabbobi, da ledar irin kayan lambu, duk suna da ranarsu. Manomin da ya sayi maganin feshi wanda ya mutu, ya yi asara biyu, kuɗinsa da gonarsa. Ku tuna kuma ranar da aka buga tana aiki ne in an adana abin yadda ya kamata. Kwalin da ya wuni a rana a kan tire cikin zafin bazara, ranar da ke jikinsa ba za ta cece shi ba.

Dole kuma in faɗi wata gaskiya. Tawadar nan an yi ta don ta bushe nan take, irin ruwan da ke narkar da ita kuwa ba wuyar samu gare shi ba. Marasa tsoron Allah suna goge tsohuwar rana su buga sabuwa, ko su liƙa ƴar takarda a kanta. In kun ga wurin lambar ya yi dishi-dishi ko ya fi sauran jikin ƙyalli, ko ranar da ke kwali ta saɓa da wadda ke jikin kwalba ko katin ƙwaya, ku mai da wa mai shi. Masu jabu ma suna buga lamba. A 2015, shekarar da sanƙarau ya kama sama da mutum 8000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yi gargaɗi a kan allurar riga-kafi ta jabu da aka gano a Nijar, mai ɗauke da sunan Mencevax. Abin da ya tona asirinta har da waɗannan lambobi, don da aka gwada lambar rukuni da ranakun da ke jikin kwalaben da abin da ke cikin littafin kamfanin na ainihi, ba su dace ba. Mu a ƙauye ba mu da wannan littafi. Shi ya sa allura da maganin yara, a gidan likita ko farmasi ya kamata a karɓe su, inda in an yi shelar janye wani rukuni, akwai mai dubawa.

Inna ta mai da kwalbar ranar kasuwa ta gaba. Ta ce da farko mai teburin ya yi gardama, sai ta ɗora yatsa a kan lambar ta karanta masa da ƙarfi, sifili uku, dubu biyu da ashirin da biyu, jama'a suna ji. Ya mai do mata da dala ɗari da hamsin ɗinta. Tun daga nan, kowace ranar Laraba ƴan ajinmu suna zuwa da gwangwani ko kwali ɗaya daga gida, muna karanta gindinsa kafin mu buɗe littafi. A makon farko, cikin goma sha tara da aka kawo, huɗu sun wuce lokaci, biyu kuma babu rana a jikinsu ko kaɗan.