Turbo a kan kabireta: yadda ake ba inji mai daidai

Tsofaffin motocin da ke jigila tsakanin Madarounfa, Ɗan Issa da Maraɗi, irin su Peugeot 504, da kabireta suke shan mai. Wasu masu mota kan yi sha'awar ɗora musu turbo don ƙarin ƙarfi. Ana iya yi. Kamfanin Renault ma ya yi hakan a ƙirar 5 GT Turbo ta 1985. Amma akwai sharaɗi.

Turbo iska yake dannawa cikin inji da ƙarfi. Idan ta kabireta iskar ke bi, matsinta kan danne man da famfo ke turowa. Famfon asali ba ya wuce kimanin bar 0.3, turbo ya kai 0.5, mai ba zai shiga ba. Kwanon kabireta ya ƙafe, mota na tsakiyar gudu. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, zafi ya hau, har kan fistan ya narke.

Shi ya sa bakanike ke sa famfon lantarki mai ƙarfi, da na'urar da ke ɗaga matsin mai duk lokacin da na turbo ya ɗaga, a kuma faɗaɗa ramukan fesa mai. A zare fulogi a duba: bakinsa ya yi fari fat, to injin yunwa yake ji.

Sai kuma man kwalba na bakin hanya. Ƙura kaɗan ta ishe shi toshe rami, don haka matatar mai ba abin yi wa rowa ba ce, balle da hunturu.