Ko Kun Sani? Barci Ma Karatu Ne

Ko kun san cewa abin da ɗalibi ya karanta da rana, sai ya samu barci yake zama daram a kansa? A lokacin barci mai nauyi ne ƙwaƙwalwa take bitar sabon abin da ta ɗauka, ta adana shi inda ba zai yi saurin gushewa ba.

Shi ya sa ɗaliban da ke kwana a aji daren jarrabawa suke ba ni tausayi: goro a kunci, kofin Nescafé a gefe, ido ya yi jawur. A 1997 wasu masu bincike a Ostareliya sun gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, natsuwarsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Da irin wannan kan ake shiga ɗakin jarrabawa!

Sinadarin hana barci da ke cikin goro, kofi da shayi kuwa, rabinsa yana nan a jini bayan kimanin awa 5, don haka kofin la'asar na iya hana barcin bayan isha'i. Masana na ba mai shekarun jami'a shawarar barcin awa 7 zuwa 9.